Waƙar Mama da Na Yanke

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma wannan kam da shi zan shiga kabari. Ko yau, in na buɗe wani shafi a intanet kiɗa ya tashi da kansa ban taɓa komai ba, sai gabana ya faɗi, hannuna ya kai ga kashe murya kafin in san abin da nake yi. 'Ya'yana dariya suke min, wai uwarsu tana tsoron talla. Ban taɓa ba su labarin ba. Ku zan bai wa, ko na ji sauƙi a raina.

Mu biyu ne 'ya'yan Mama da suka rayu, ni da Yayana, kuma ya ba ni shekara takwas. Babanmu soja ne, kamar yawancin mazan unguwarmu a Zuru. Shi Yaya a hannun Kaka ya tashi, a wani ƙauye can gefen Manga, shi ya sa yarenmu na C'lela ya zauna a bakinsa daram. Ni kuwa a bariki aka haife ni, cikin 'ya'yan kowace ƙabila, na buɗe baki da Hausa na ɗora da Turanci. A yarenmu ban san komai ba sai gaisuwa da kiran cin abinci. Abin kunyar ma, a lokacin gani nake wayewa ce. In tsohuwa ta yi min yare sai in karkace baki in ce a fassara min. Mama takan dube ni ta girgiza kai kawai. Ita Hausarta ta kasuwa ce da ta coci, gajera, ba ado. Abin da ke can cikin zuciyarta da yare yake fitowa.

Ina aji huɗu a firamare Baba ya tafi aiki, aka dawo mana da akwatinsa da hularsa. Muka tattara muka koma Zuru. Tun daga ranar Mama ta rantse ɗanta ba zai sa kaki ba, ko da kuwa dukan samarin garin za su sa. Shi kuma Yaya tun yana ƙarami ba shi da wani buri sai wannan. Ya yi noma, ya yi aikin gini, ya yi haƙuri iya haƙuri, wata rana dai aka zo ɗaukar soja ya je a ɓoye, aka ɗauke shi. Ranar da zai tafi horo ina tsaye a tsakar gida. Ya durƙusa a bakin ƙofa da jakarsa yana neman albarka. Mama ba ta yi masa yare ba, da Hausa ta faɗa, da ƙarfi, don maƙwabta su zama shaida.

"In ka sa kakin nan, kada ka sake taka min gida."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Shekara shida bai taka gidan ba. Yakan aiko da saƙo ta hannun abokansa masu zuwa hutu, sabulu ne, sukari ne, atamfa ce. Sabulun da sukarin Mama takan rabar a zumuntar matan coci, atamfofin kuma ta jera su a ƙasan akwati ba ta ko warware su. Da wayar hannu ta shigo na yi na yi ta yi magana da shi, ta ce ai ya san hanyar gida. Shi kuma in na taɓa masa zancen sai ya ce ba shi ya rufe ƙofa ba. Taurin kai iri ɗaya ne da su, kuma ni ma ba a bar ni a baya ba, za ku gani. Abu guda da ke ba ni haushi a shekarun nan shi ne Mama ba ta sa wa ƙofar gida sakata. Kullum sai na yi mita, ina cewa wata rana ɓarayi za su kwashe mu har da tukunyar miya. Sai ta ce mantawa take yi. Ni kuma na ɗauka tsufa ne.

Da na gama sakandare na shiga koyon kwamfuta a wani shagon intanet kusa da tasha. Lokacin intanet bai daɗe da shigowa garin ba, sabis ɗin kuma tafiyar hawainiya yake yi, ka danna abu ka je ka sayo gyaɗa ka dawo bai buɗe ba. Ogana mutum ne mai haƙuri, ba ɗan garinmu ba ne, ya ga kaina na ja sai ya koya min yadda ake haɗa shafin intanet. Kai, ranar da na fara ganin rubutuna ya fito a shafi da launi, ji na yi babu kamata a ƙasar Zuru. A daidai lokacin aka tura su Yaya aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje. Waya ta yi wuya, amma a sansaninsu akwai ɗakin kwamfuta, don haka muka koma imel. Duk mako yakan rubuto layi biyu ko uku, kuma kullum ƙarshensa ɗaya ne: ya Mama, ya ƙafarta? Bai taɓa cewa in gaishe ta ba, bai kuma taɓa fasa tambaya ba.

Abin da ya sauya Mama mutuwa ce. An kawo gawar ɗan maƙwabciyarmu, sa'an Yaya, tare suka shiga soja. Mama ta je gaisuwa ta wuni a can, ta dawo ta shige ɗaki. Washegari ina shirin fita shago ta tsayar da ni, tana kallon wani wuri daban, ta ce wannan abin namu da muke dannawa, yana kai murya? Na ce yana kaiwa mana, har ƙasar da Yaya yake. Ta ce to in zo da shi.

Na aro 'yar na'urar ɗaukar murya wurin Oga, na zo da ita da la'asar. Na zaunar da Mama a kujera, na danna, na ce ta yi magana. Ta dubi abin, ta buɗe baki, ta rufe. Sau uku muna haka. Daga nan ta ce ita ba ta iya magana da ƙarfe ba, in ɗebo mata dawa. Duk da injin niƙa na nan a bakin layi, Mama ba ta yar da dutsenta ba, kuma matan wajenmu a kan dutsen niƙa suke faɗin abin da ba su iya faɗa a zaune. Ta ɗaure zani, ta durƙusa, ta zuba jar dawa, ta fara niƙa. Na ajiye na'urar a gefe. Sai ta ɗauko waƙa da yare.

Ban taɓa jin muryar Mama haka ba. Da farko ta fito da ƙarfi, tsaf, tana tafiya daidai da dutsen, har tsigar jikina ta tashi. Ba a jima ba muryar ta fara rawa. Ta sarƙe, ta yi tari, ta ci gaba cikin kuka, wani wurin ma ba ka jin komai sai gurzar dutse da jan hanci. Can ƙarshe ta koma ƙasa ƙasa kamar mai lallashin jariri. Minti shida ta yi. Da ta gama ta share fuska da gefen zani, na tambaye ta me ta ce. Ta ce ba nawa ba ne, nasa ne.

"Ki kai masa duka, auta. Kuma kada kowa ya ji."

Na ce to.

Yanzu in na tuna, akwai hanyoyi da yawa da zan bi. Zan iya juye ta a kaset in bai wa wani soja mai komawa. Amma ina, ni so nake Yaya ya ga abin da ƙanwarsa ta iya. Na ce shafi zan haɗa masa na musamman, da hoton gidanmu, da hoton Mama cikin kayan zumuntar mata, da zarar ya buɗe kuma muryarta ta tashi da kanta a bayan shafin. Oga ya nuna min yadda ake yi. A wancan zamanin burauza, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, ba ta iya fitar da sauti ita kaɗai. Sai an liƙa mata wani ɗan ƙari da ake kira filogin, shi ne ke kunna waƙar. Kai mai shafi za ka rubuta layi biyu ka gaya wa filogin ɗin ga inda waƙar take, ka ce ta fara da kanta, in kana so ka ce ta riƙa maimaitawa, in kana so ma ka ɓoye maɓallan tsayarwa da na gaba da baya. Na rubuta duka, har da ɓoye maɓallan, don a ganina suna ɓata kyan shafin.

Matsalar ta zo wajen ɗorawa. Waƙar minti shida ta yi wa sabis ɗinmu nauyi. In ta kai rabi sai ta yanke, ko wuta ta ɗauke kafin a tayar da janareto. Kwana biyu ina fama. Oga ya ce ko ta hau ma, can wurin Yaya ba lallai ta buɗe ba, in rage mata tsawo, waƙar bayan shafi ai ba ta wuce 'yan sakanni, sai ta yi ta juyawa. Shi bai san me ke ciki ba, don da abin kunne nake saurara saboda gargaɗin Mama. Ba laifinsa ba ne, shawarar sana'a ya ba ni.

Na sa abin kunne na saurara daga farko zuwa ƙarshe, ina neman inda ya fi daɗi. Farkon ne ya fi daɗi, ba tantama. Muryar a tsaye take, ba tari, ba kuka. Sauran kuwa a kunnena duk ya lalace. Na ce a raina wa zai so ya ji uwarsa tana tari da jan majina a shafi mai kyau haka? Na yanke sakan arba'in na farko, daidai inda ta ja numfashi. Sannan na zauna wuni guda ina gyara mahaɗar, ina daidaita ƙarshen da farkon a kan bugun dutsen, har ya zama in ta juyo ba za ka taɓa gane an koma farko ba. Sai ka rantse mutum ne ke ta rerawa bai tsaya ba. Na yi alfahari da wannan mahaɗar ƙwarai, har na so in kira Oga ya ji. Cikakkiyar waƙar kuma na juye ta a faifai na jefa a jaka, da niyyar in sabis ya gyaru in ɗora sauran.

Da na koma gida Mama ta tambaye ni ko an aika. Na ce an aika. Ta ce duka? Na ce duka. Wallahi ban ɗauke ta ƙarya ba a lokacin, gani na yi ba za ta gane bayanin nauyi da sabis ba, don me zan wahalar da kaina.

Amsar Yaya ta farko ta ba ni dariya. Ya ce ya ga gida, ya ga Mama, ta rame, amma ba ya jin komai, wani ɗan akwati ne kawai a ƙasan shafin da alama a ciki. Na rubuta masa cewa kwamfutarsu ba ta da filogin, sai an sa mata. Ashe wanda ke kula da ɗakin kwamfutar ba ya barin a sa komai. Kusan mako biyu Yaya yana binsa yana roƙo, babban mutum da shi. A kwanakin nan saƙonninsa suka yi tsawo yadda ban taɓa gani ba. Da gaske ita ta ce a ɗauka? Da bakinta? Me ta ce? Ni kuma ina ja masa rai, ina cewa ya bari ya ji da kunnensa, ban gaya masa cewa ni kaina ban sani ba. A ɗaya daga cikinsu ya rubuta cewa za su dawo ƙasa kafin ƙarshen shekara, kuma in Allah ya yarda a gida zai yi Kirsimeti. Na karanta wannan layin ya fi sau goma.

Sai ga saƙonsa ranar wata Talata, layi ɗaya tak: "Na ji. Ki ce mata na ji."

Da gudu na je gida. Na ce Mama, ya ce ya ji! Ta zauna a bakin gado ta riƙe ƙirji, ta ce a maimaita mata. Na maimaita, na ƙara da zancen Kirsimeti. Ranar Mama ta buɗe akwati ta fito da atamfofin nan, ta zaɓi wata shuɗiya mai zanen ganye ta ce in kai wa tela. Ta sa aka yi wa ɗakinsa sabon daɓe. Ta ware zakara guda ta ce kada wanda ya taɓa shi. Ni ko kaɗan ban lura cewa tun daga wannan saƙon Yaya bai sake rubuta "ya Mama" ba. Na ɗauka aiki ne ya yi masa yawa.

Kirsimeti ta zo. Mama ta sa shuɗiyar atamfa ta je coci, ta dawo ta zauna a tsakar gida inda take hango ƙofa. Aka yanka zakara, aka yi tuwo da miyar da yake so, abinci ya huce aka ɗumama, ya sake hucewa. Duk mashin da ya tsaya a layinmu sai ta gyara ɗankwali. Bai zo ba. Bayan sabuwar shekara wani abokinsa ya zo hutu, ya ce ai sun daɗe da dawowa, Yaya a bariki ya yi hutunsa, shi kaɗai a ɗaki. Mama ta saurara har ya gama, ta yi masa godiya. Da ya fita ta ninke atamfar ta mayar ƙasan akwati. Abin da ta ce kawai shi ne, ya ji, kuma bai zo ba, to shi ke nan.

Ni kuwa na hau dokin zuciya. Na je shago na zazzage masa duk abin da ke bakina. Na ce masa marar imani, na ce kakin ya cinye masa zuciya, na ce tsohuwa ta ƙasƙantar da kanta ya watsa mata ƙasa a ido. Ya amsa da cewa in bar maganar, ban san komai ba. Wannan kalmar ta ƙona ni. Ni ce ban san komai ba? Ni da na haɗa shafin? Na ce to ya riƙe saninsa, na daina rubuta masa. Da a ce ranar na sauke girman kai na tambaye shi me ya ji, da magana ta ƙare a layi biyu. Wannan tunanin ne yake hana ni sakat har gobe.

Da ruwan farko ya sauka Mama ta kwanta. Ba ta yi doguwar jinya ba, kwana tara ne tsakanin gida da asibiti. Na ce zan kira Yaya, ta ce kada in tilasta masa. Sai da na ga abin ya yi tsanani na aika masa, kafin a ba shi izini ya kamo hanya ta cika. Ƙanwarta ce ta buɗe akwati ta zaɓi kayan da za a sa mata, hannunta kuma ya faɗa kan shuɗiyar atamfar, don ita kaɗai ce ɗinkakkiya a cikin sababbin.

Yaya ya iso da safen jana'iza, cikin farar riga, ba kaki. Ya je coci, ya je maƙabarta, ya ɗauki akwatin gawar da kafaɗarsa. Amma da aka dawo gida zaman makoki sai ya tsaya a waje, ƙarƙashin ɗorawar da ke gaban gidanmu. Nan yake karɓar gaisuwa, a gidan abokinsa yake kwana. Dattawa suka yi magana, ya ba su haƙuri bai motsa ba. Mutane suna ta ƙus ƙus. A rana ta uku da hantsi na kasa daurewa, na fita na same shi. Na ce ko gawarta ma ba ta isa ta sa ya shiga gidan ba? Na ce ta durƙusa a kan dutse ta yi masa waƙa, me kuma yake so?

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa jajur, amma muryarsa a kwance.

"Auta, ke ba kya jin yare, shi ya sa. Kin san me ta ce? Ta ce ɗan da ya sa rigar da ta ci ubansa, kada ya taka mata gida, ƙofarta a rufe take. Mako biyu ina roƙo a sa min abin nan don in ji muryarta. Na zauna na fi awa guda ina jira ta sauya magana. Ba ta sauya ba. Ta faɗa, ta sake faɗa, ta sake faɗa, har aka zo rufe ɗakin."

Na tsaya ina lissafi. Awa guda. Waƙar da na ɗora sakan arba'in ce. Ba Mama ce ke maimaitawa ba, ni ce, da layin da na rubuta da hannuna, da mahaɗar da na wuni ina gogewa don kada a gane. Kuma na ɓoye maɓallan da zai duba ya ga tsawonta.

Ban tsaya yi masa bayani ba. Na shiga gida na zazzage jakata, faifan yana nan cikin takardu. Na fito na kama hannunsa kamar ƙaramin yaro na ja shi har shago. Oga ya ga fuskokinmu, ya sallami mutum biyun da ke ciki, ya fita ya ja mana ƙofa. Na sa faifan, na kunna a lasifika. Gurzar dutse ta tashi, muryar Mama ta biyo. Yaya ya runtse ido. Da aka kusa inda ya sani ya ɗaga hannu ya ce in kashe, ya ji wannan ya ishe shi. Na ce ya yi wa Allah ya tsaya.

Mama ta ja numfashin nan, daidai inda na sa almakashi. Sai ta wuce.

Na ga lokacin da abin ya shige shi. Ya buɗe ido, ya matso da kunnensa jikin lasifikar. Da ta fara tari ya dafa teburin. Da ta fara kuka ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, sojan da ya je yaƙi ya dawo, ya rufe kai da hannu biyu yana wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ni ina tsaye, uwata tana magana, yayana yana amsa mata da yare, ni kaɗai ce bare a ɗakin. Da ta ƙare na durƙusa na roƙe shi ya gaya min me ta ce. Ya ce bayan numfashin nan cewa ta yi: haka bakina ya faɗa ranar da ka tafi, kuma bakina ƙarya ya yi. Ta ce tsoro ne ya sa ta, ba ƙiyayya ba, don ta riga ta karɓi hula ɗaya ba ta son ta biyu. Ta ce ƙofar da ta ce ta rufe, tun daren da ya tafi ba ta sa mata sakata ba, ko zai dawo ya iske mutane sun yi barci. Ta ce ya zo da kakinsa, ita za ta wanke masa. Can ƙarshen da ta yi ƙasa da murya kuwa, sunan da Kaka ke kiransa da shi yana jariri take ta kira.

Sai na gaya masa abin da na yi, ban rage komai ba. Nauyin waƙar, da yankan, da mahaɗar, da "duka" ɗin da na ce wa Mama. Na so ya mare ni, da ya fi min sauƙi. Bai ko ɗaga murya ba. Ya tambaye ni me ya sa farkon na zaɓa. Na ce saboda sauran duk kuka ne da tari, ba daɗin ji.

Ya ce, "Da kin bar min kukan, auta. Ko ba kalma ɗaya a ciki, da na zo."

Muka komo gida. A bakin ƙofa ya tsaya, ya leƙa bayanta, ya kai hannu ga sakatar. Ta yi tsatsa a inda take, a buɗe, ya ja ya ja ba ta motsa ba. Ya cire takalmansa a nan waje ya shiga. Kai tsaye ya wuce wurin dutsen niƙa ya zauna, har rana ta yi sanyi yana nan.

Yaya ya yafe min, ya faɗa da bakinsa ba sau ɗaya ba, yakan ce shi ma da ya zo ya ji daga bakinta da ba a kai ga haka ba. Amma wadda ya kamata in roƙa ta tafi tana ganin ɗanta ya ji kukanta ya share. Wannan ba wanda zai ɗauke min shi. Shafin ya daɗe da mutuwa, filogin ɗin ma an daina amfani da irinsa, burauzar yanzu ba ta san shi ba, kuma ban yi baƙin cikin hakan ba ko kaɗan. Faifan dai na juye shi wuri uku. Na koma wurin ƙanwar Mama da girmana, da 'ya'yana a baya, na zauna ta koya min yare, tana dariyar yadda nake karya shi. Yau ina jin kowace kalma a waƙar nan, kuma duk shekara in ruwan farko ya sauka nakan kunna ta, minti shida cif, da tarin da komai.

Abin da na koya ban koye shi da arha ba. In aka ba ka saƙo ka kai, ka kai shi yadda aka ba ka, ko da a kunnenka bai yi daɗi ba, don ba kai aka yi wa shi ba. Abin da ba ka gane ba kada ka sa masa almakashi, ka tambaya, ko da tambayar za ta nuna jahilcinka. Ni na san yadda ake sa murya ta tashi a ƙasar da ban taɓa zuwa ba, amma ban san abin da uwata ke faɗa a gabana ba, kuma na yi girman kan da ya hana ni cewa ban sani ba. Har yanzu ina haɗa wa mutane shafuka, da shi nake ci. In wani ya kawo min muryar tsohuwarsa ya ce in rage mata tsawo, nakan ajiye aikin in ce ya zauna, mu saurara tare har ƙarshe tukuna.